Daga Bompai Zuwa Challawa Hannu a Aljihu

Muna sallame sallar asuba ranar Laraba muka kama hanya, gari bai gama wayewa ba. Mu uku ne: ni, da ƙanena, da wani maƙwabcinmu mai a-kori-kura da ya ce zai kai mu duk inda muke so in dai za mu zuba masa mai. Wanda ya san ni ya san wannan fitar ba ƙaramin abu ba ce. Ni mutum ne daga ɗaki sai zaure, daga zaure sai masallaci. Shagona ma a zauren gidanmu yake a Gwale, a nan nake gyaran firji da iyakwandishan shekara da shekaru, ban taɓa taka ƙofar wani neman aiki ba. Wanda injinsa ya lalace shi ke ɗoro shi a kura ya kawo min. Maƙwabcin nan namu har cewa yake in aka sauke ni a Ƙofar Nassarawa sai an ba da cigiyata a rediyo.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni, don 'yan'uwa masu sana'a irin tawa sun dame ni da tambaya.

Kamfanin da muke sayen kayan gyara a wurinsu ne suka tura ƙanena Kaduna kwas na mako uku. Ba kwas ɗin gyara ba, wannan ai a hannuna ya koya. Wai kwas ne na koyon sayarwa, yadda za ka shiga ofishin mutum ka yi masa magana har ya ba ka aiki. Tun farko ban so ba. Na ce da shi mu masu sifana ne, ba dillalai ba. Ya dai tafi, ya bar ni ina ɗaga inji ni kaɗai, har yau bayana bai huce ba. Ya dawo da taye guda biyu, da kati mai sunansa, da wani littafi mai kauri. Na ce ya karanta min in ji. Wallahi rabin littafin bayani ne a kan yadda za ka shawo kan mutum ya sayi injin ɗumama ɗaki. A Kano! Ga mu a tsakiyar bazara, ƙadangare ma inuwa yake nema. Na yi dariya har na ƙware.

Dariyar ba ta daɗe ba. Bayan kwana biyu ya zaunar da ni ya ce mutanen kamfanin sun yi masa tayin aiki a Ikko, kuma in zai karɓa, jirgin ƙasa na ranar Asabar zai hau. Ya ce aikin zaure ba zai riƙe gida biyu ba, ga matarsa ta kusa haihuwa. Gaskiya ya faɗa, ban da bakin musu. Tsohuwarmu da ta ji, sai tuwonta ya riƙa dawowa kamar yadda aka kai shi. Da na matsa masa, sai ya ce in ba shi wuni ɗaya mu zaga masana'antu. In muka sami ko da wuri ɗaya da zai danƙa mana kula da injinansa, ya fasa tafiya. In ba mu samu ba, in yi haƙuri in raka shi tasha.

Sai ya kafa sharaɗi. "Yaya, akwatin aiki a gida zai kwana. Ko sukundireba kada ka ɗauka. In mun shiga wuri, hannunka a aljihu. Duk abin da kunnenka ya ji, ka riƙe sai na ce ka faɗa."

Ya san inda ya taɓa. Ni karatuna bai wuce na allo da ɗan yaƙi da jahilci ba, amma Allah Ya ba ni kunne. Daga bakin ƙofa in na ji kukan inji, na san abin da ke damunsa. Kuma bakina ba ya riƙe magana.

Muka bi ta Ƙofar Nassarawa, muka tsallake titin jirgi. Abin da ya fara ba ni mamaki kekuna ne. Ban san akwai kekuna haka a duniya ba. Ma'aikata ne jere-jere, kowa da kwanonsa ɗaure a baya, wasu sun goya abokin aiki, duk sun nufi gabas kamar an yi musu kira. Maƙwabcinmu yana ta danna hon, ba wanda ya ko waiwayo. Muna shiga Bompai sai ga manyan rumbunan ajiya na kwano tun na zamanin gyaɗa, ga dogon yaro a jere bakin titi, ga manyan motoci an faka direbobi na alwala a gindin taya. Da muka zo wajen hedikwatar 'yan sanda maƙwabcinmu ya rage gudu, ya gyara hula, ya daina waƙar da yake yi, alhali ba wanda ya kalle shi.

A bakin wata masana'antar minti muka karya. A unguwarmu sule ɗaya ƙosai goma ne, a nan bakwai, kuma ƙanana kamar da cokalin shayi aka zuba su. Amma kokon ya yi kauri, ga kanumfari, na yafe wa matar. Iskar wurin kuwa ƙanshin sukari take yi, har kana jin zaƙi a maƙogwaro. Jiniya ta yi kuka, nan da nan titi ya zama wayam, sai mu da awaki.

Wannan masana'anta ita muka fara shiga. Ƙanena ya shaƙe wuyansa da taye, ya miƙa wa akawu kati. Akawun ya juya katin gaba da baya, ya nuna mana benci. Mun fi awa ɗaya a kan bencin nan. Kuma duk zaman, iyakwandishan ɗin ofishin manaja yana can bayan bango yana kar-kar-kar a kunnena. Ba wani ciwo ba ne, robar da kwamfiresa ke zaune a kai ce ta cinye, ƙarfe na bugun ƙarfe. Na dunƙule hannu a aljihu, na kama salati.

Manajan Kwara ne, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, dattijo, Hausarsa ta fi tawa. Ƙanena ya fara jero Turancin da ya haddace, mutumin ya saurara kaɗan, ya ce suna da masu zuwa musu daga Ikko duk bayan wata uku. Sannan ya nuna injin da biro ya ce, "Wannan ma jiransu nake, sun ce sai an sauke zuciyarsa gaba ɗaya."

A nan bakina ya kuɓuce. "Haba ranka ya daɗe, wace zuciya? Ai wannan ba komai ba ne. Roba ce ta cinye a ƙasa. Ko tsohuwar taya aka yanka aka cusa, shi ke nan."

Mutumin ya dube ni, ya yi murmushi, ya buga ƙararrawa. Mai gyaran lantarkinsu ya shigo. A gabanmu aka yanko roba aka cusa, inji ya yi tsit. Manaja ya tashi ya ba ni hannu, ya ce Allah Ya yi albarka, ya sa aka cika mana leda da minti, aka rako mu har ƙofa cikin mutunci.

Ni fa na fito ina jin daɗi, na taimaki bawan Allah. Sai da muka shiga mota na ga fuskar ƙanena. A ɗaure take tamau har muka fita daga Bompai. Maƙwabcinmu ne ya jefa minti a baki ya ce, "Malam, kwangila ta yi zaƙi." Ba wanda ya taya shi dariya.

Kafin mu ratsa gari mu kai Sharaɗa rana ta take. Kujerar mota ta yi zafi kamar tanda. Sharaɗa ba kamar Bompai ba ce, sabuwa ce, gine-ginen bulo ne dogaye da fili tsakaninsu, wani wuri ma karan dawar bara na nan tsaye jikin katangar kamfani. Bishiya ba ta da yawa. Ƙaurin narkakkiyar roba ko'ina, don a nan ake yin bokiti da takalma. Ƙofa uku muka buga. Ta farko maigadin Buzu ne, da rawaninsa da 'yar butar shayinsa a kan garwashi, ya ce manaja ya yi tafiya, amma ya ba mu shayi mai ɗaci a ɗan kofi, Allah Ya saka masa. Ta biyu aka karɓi kati aka ce a dawo wani watan. Ta uku ko katin ba a karɓa ba.

Muka yi azahar a wani masallacin langa-langa, muka zauna rumfar wata mai shinkafa da wake. Sule uku kwano, da mai da yaji, ta ɗora ɗan yankan albasa a kai. A nan ƙanena ya cire taye ya cusa a aljihu, ya yi magana.

"Yaya, ka san abin da ke cin mu? Ba komai. Kowane aiki ka ce ba komai ba ne. Abin da ka shekara ashirin kana koyo, sai ka faɗe shi a tsaye kamar kana nuna wa baƙo hanyar masallaci. Mutum ya ji ba komai, don me zai neme ka gobe?"

Na ce, "To ƙarya zan yi masa? In ce zuciyar ce?"

"Wa ya ce ka yi ƙarya? Cewa na yi ka jira. Da ka bar ni na tambaye shi tun yaushe yake jiran mutanen Ikko, da inji nawa ke jira irin wannan, da bakinsa zai ce yana bukatar na kusa. Sannan ka gyara masa, ko kyauta ne."

Ya ce a duk mako ukun nan, abin da ya fi tsaya masa a rai bai wuce wannan ba: ka yi tambaya, ka rufe bakinka, ka bar mutum ya faɗi inda ke masa ciwo. Na yi ta juya cokali. A gidanmu an koya mana cewa mai sana'a ba ya kambama aikinsa, in an gode maka ka ce ba komai. Ban taɓa tunanin akwai ranar da wannan ladabin zai raba ni da ɗan'uwana ba. Saura wuri ɗaya a takardar da ya jera masana'antun, wata majema a Challawa. Ya ce in aka hana mu nan, gida za mu wuce ya fara ɗaure kaya.

Hanyar Challawa ta fi duk inda muka bi daɗin kallo, ko da yake ban kalle ta da daɗin rai ba. Gari na ƙarewa sai gonaki an share ana jiran ruwa, ga mangwaro ya nuna, mata sun jera shi a faranti bakin titi, arha kamar a roƙe ka. Muka wuce Zawaciki, 'yan gidajen ƙasa ne da rumbuna, sai wani sabon gini ɗaya na bulo da ake yi bakin hanya. Kwaltar duk ramuka, manyan motocin fatu sun farfasa ta. Su ma motocin ba sai ka gan su ba, hancinka zai gaya maka suna gaba.

Warin Challawa kuwa, jama'a, sai wanda ya je. Kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a cikin hancinka. Maƙwabcinmu ya toshe hanci da hula ya ce shi a mota zai jira, ya rufe gilashi, bayan minti biyu zafi ya fito da shi. Ma'aikatan kuwa ko a jikinsu. Na ga wasu zaune kan tarin ƙiraga suna shan fura, da manyan takalman roba har gwiwa, suna ta raha. Yawancinsu mutanen ƙauyukan nan ne na kusa, in damina ta faɗi rabinsu gona za su koma.

Aka kai mu wani lungu bayan ginin ofis, aka ce mu jira Alhaji manaja. Wani benci kuma. A kansa muka tarar da masinja, tsoho mai farin gemu da kakin da ya sha wanki. Ƙanena ya buɗe littafinsa yana bita, ni kuwa na gaishe da tsohon, muka shiga hira, don ba a hana ni wannan ba. Na tambayi garinsu, ya tambayi namu, muka gano kakarsa 'yar unguwar Mandawari ce a cikin birni. Ana cikin haka na ga yana ta goga zobensa a jikin wando.

Na ce, "Baba, zoben ya yi laifi ne?"

"Bar ni da maƙerin nan, ɗan nan. Azurfa ya ce min. Dubi! Baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Sau biyu ina zuwa kasuwar Kurmi ina yi masa tijara, ya wanke min, in dawo, kwana bakwai ya koma. Shekara huɗu ina sa shi lokacin ina bakin babbar ƙofa, fari tas. Ashe jira yake ya nuna halinsa."

"Yaushe aka dawo da ku nan baya?"

"Bara war haka."

Na ji tausayin maƙerin da ban sani ba, na ajiye maganar a raina ban san amfaninta ba. Kunnena kuma yana kan injin ofishin Alhaji. Kukansa sakayau, ba nauyi, irin na injin da ke gudu ba gas a cikinsa.

Alhajin ƙaƙƙarfa ne, ya cire babbar riga ya rataye, yana fifita da fayil. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Masu iyakwandishan ko? Ku ne na huɗu. Uku sun zo, kowa ya ɗura gas ya ce an gama, bayan wata biyu ga ni ina jiƙa takardun kamfani da gumi. Wannan da kuke gani ma sabo ne, na biyu ke nan. Duk bakinku ɗaya."

Magana ta taso min har haƙori: gas ne ya zube, a liƙe a ɗura. Abin da ukun nan suka faɗa ke nan, kuma abin da zan faɗa ke nan da ni kaɗai na zo. Na ciji leɓe, na danna hannu cikin aljihu har ɗinkin ya yi ƙara.

Ƙanena bai yi Turanci ba wannan karon, katin ma bai fito da shi ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kuna da gaskiya ku yi fushi. Inji nawa ne a gidan nan?"

"Bakwai."

"A cikinsu wanne ne bai taɓa ba ku wahala ba?"

Alhaji ya dakata da fifita. Ya ce shi ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba. Ya ƙwalla wa akawu kira, akawu ya ce ai na ɗakinsa ne, tun da aka kafa shi ba a taɓa kwance shi ba, kuma ya girmi duk sauran.

"Ina ɗakin yake?"

"Can gaba, wajen babbar ƙofa."

Daga nan ƙanena ya yi shiru. Shirun nan ya yi tsawo har na ji kunya ta kama ni, na so in cike shi da ko wace magana. Alhaji ya dubi akawu, ya dubi injin, ya dubi bango. Can ya ce, a hankali, kamar da kansa yake, "To me ke gaba da babu a baya?"

Sai ƙanena ya juyo. "Yaya, bismilla."

Ban taɓa jin daɗin kalma kamar wannan ba. Na ce a ba ni izini in ga bayan ginin, kuma Baba masinja ya biyo mu. Muka zagaya har da Alhaji. Ga bayan injin ya leƙo ta bango, kuma daidai ƙarƙashinsa ga wata kwata a buɗe, ruwan jima na gudu a ciki, shuɗi-shuɗi, yana tururi. Duk iskar da injin nan ke shaƙa daga kwatar nan take tashi. Na leƙa ta raga. Bututun da ya kamata ya zama ja, don jan ƙarfe ne, ya yi baƙi ƙirin. Na ce Baba ya miƙo hannu, na ɗora zobensa kusa da bututun. Launi ɗaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya ɓata azurfar Baba shi ke cin bututun nan har ya huje. Waɗanda suka zo ba su cuce ku ba, gas ɗin suka ɗura da gaske. Sai dai ba su zagayo nan ba. Ni ma da ba zan zagayo ba."

Baba masinja ya riƙe baki. "La ilaha illallahu! Ashe na ɗauki alhakin maƙeri."

Alhaji ya yi dariya har yana tari, ya ce to a kawo sabo mai ƙarfi, ko nawa ne. Na san kamfanin da ya koyar da ƙanena injin yake sayarwa, na ce yanzu zai cafke. Sai na ji ƙanena ya ce a'a, ko goma aka kawo a wannan bangon, haka za su mutu. Abin yi a fasa bangon gaba a mayar da wannan ɗin can, a liƙe inda ya huje, a shafe bututun da fenti, sannan duk wata a zo a wanke. Sauran na baya ma haka, ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Ba zan sa hannu a takarda ba, an sha ni da yawa. Ku mayar da wannan ɗaya. In ya kai ƙarshen damina yana sanyi, bakwai ɗin naku ne, kuma zan gaya wa maƙwabtana, don duk kukanmu ɗaya. In bai kai ba, kada in sake ganin ku."

Muka yi godiya, muka yi la'asar tare da ma'aikata, muka fito.

Muka kama hanyar gida. Ni lissafi nake a zuci: sharaɗinmu wuri ɗaya da zai danƙa mana injinansa, wannan kuwa gwaji ne, ba takarda, ba tabbas, sai bayan wata biyar ko shida. Aikin Ikko kuma ba zai jira damina ba. In ƙanena ya ce bai cika ba, bai yi min ƙarya ba. Na kasa tambaya. Na ga ya zura ido waje yana kallon gonaki, ban san abin da yake gani ba.

Muna isowa Zawaciki ya bugi gaban mota ya ce a tsaya. Ya sauka ya nufi sabon ginin nan na bulo, na bi shi. Ya yi sallama da magini, wani siriri da siminti har gira, ya tambaye shi ko yana iya fasa bango ya fitar da taga mai kyau ba tare da ya tsaga gini ba. Magini ya ce aikinsa ke nan. Suka daidaita. Ƙanena ya kwatanta masa majemar, ya ce ya zo ranar Asabar da sassafe.

Magini ya ce, "In na je wa zan tarar? Kai ko Malam?"

"Ni za ka tarar."

Na juya na koma mota da sauri, na ce da maƙwabcinmu warin Challawa ne ya sa min ruwa a ido. Ya ce ai kuwa mun baro warin da nisa. Na ce ya ja mota.

Ana kiran magariba muka shigo unguwa. Matan gida suka ce kada mu kusance su sai mun yi wanka, kayanmu kuma a waje suka kwana. Ni na shiga wurin tsohuwa na faɗa mata. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi a ɗumamo mata miya.

To masu tambayata ko kwas ɗin nan ya cancanci a rasa hannu ɗaya mako uku saboda shi, ga abin da na gani da idona. Taye bai buɗe mana ƙofa ko ɗaya ba. Kati ma haka, Turanci ma haka, babin ɗumama ɗaki kuwa sai dai a naɗe ƙosai da shi. In don waɗannan za ku tura mutum, ku bar shi a gida ya taya ku ɗaga inji. Amma akwai abu ɗaya a ciki da ni ban samu a wurin maigidan da ya koya min aiki ba, kuma ban ba ƙanena ba don ba ni da shi. Mu an koya mana sauraron inji, ba a koya mana tambayar mai shi ba. Ban sani ba ko injin Alhaji zai kai ƙarshen damina, wannan yana hannun Allah, ko da yake ina kyautata zato. Abin da na sani, ba don tambaya ukun nan ba, da gas zan ɗura in zama na huɗu. In kuna da wanda zai iya zuwa ya tsince wannan ya watsar da sauran, ku tura shi, kuma in ya dawo kada ku yi masa dariya kamar yadda na yi.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa maƙwabcinmu da ya sha rana da wari bai yi ƙorafi ba sai kaɗan, da Buzun da ya ba mu shayi, da Baba masinja da ya ce zai je Kurmi neman gafara. Har malamin Kaduna da ban taɓa gani ba, Allah Ya saka masa da alheri.

Jiya da hantsi wani tsohon mai kawo min aiki ya turo injinsa a kura, karo na uku a bana. Na ɗauki sifana ke nan sai na ajiye. Na ce, "Alhaji, wai a ina injin nan yake zaune a gidanku?" Ya tsaya yana kallona. Ya ce shekara shida yana zuwa zauren nan, yau ne na fara tambayarsa wani abu bayan lafiyar iyali. Sannan ya ja benci ya zauna, ya ce bangonsa ɗaya da gidan burodi.